Faɗin Kaskon Yanke Ciyawa da Ƙarfin Ƙaramar Tarakta: Yadda Ake Daidaita Su

A Amurka da Kanada da wasu sassan Turai, mutumin da ya mallaki gida a bayan gari mai fili kamar eka uku zuwa goma yakan sayi ƙaramar tarakta, kuma sau da yawa ba noma ne ya sa shi sayen ba. Yana kwashe ƙanƙara da ita lokacin hunturu, yana ɗaukar itace da tsakuwa, amma aikin da ya fi cinye mata awanni daga bazara zuwa kaka shi ne yanke ciyawa. Saboda haka, ranar da ya je wurin dila, bayan an gama maganar farashi, tambayar da ke biyo baya ita ce ta faɗin abin yankan da za a ɗaura mata: inci 54, ko 60, ko 72? Yawancin masu saye zuciyarsu takan karkata ga mafi faɗi, domin a ganinsu duk abin da ya fi faɗi zai fi saurin gama aiki. Wannan tunani yana da gaskiya a ciki, sai dai gaskiyar tana da sharuɗɗa, kuma waɗannan sharuɗɗa ne ake yawan tsallakewa.

Abin da ake magana a kansa wani faffaɗan murfi ne na ƙarfe, mai kama da kasko a kife, wanda wuƙaƙe ke juyawa a ƙarƙashinsa, galibi guda uku a jere. Zan riƙa kiransa kaskon yanka. Wuƙaƙen suna samun juyi ne daga injin tarakta ta wata sandar ƙarfe da aka fi sani da PTO, daga nan giya da bel su rarraba ƙarfin zuwa kowace wuƙa. Lambar da ake kira, 54 ko 60 ko 72, faɗin layin da kaskon ke aske wa ne a wucewa ɗaya, wato mita 1.37, ko 1.52, ko 1.83.

Kafin a zo kan faɗi, wajibi ne a rarrabe irin na'urorin, domin a nan ne kuskure mafi tsada yake faruwa. Akwai kaskon da ake ratayawa a ƙarƙashin cikin tarakta, tsakanin tayoyin gaba da na baya, wanda ke karɓar juyi daga PTO na tsakiya mai gudun da ya kai juyi 2,000 ko fiye a minti ɗaya. Shi ne ya fi dacewa da harabar gida mai itatuwa da kwana-kwana, saboda direba yana ganin gefensa da idonsa. Akwai kuma wanda ake ja a baya, a maƙala shi a maratayin nan mai hannu uku da Harry Ferguson ya ƙirƙiro, wanda ya bazu a duniya bayan fitowar taraktar Ford 9N a 1939. Wannan yana aiki da PTO na baya mai juyi 540 a minti, yana tafiya a kan ƙananan tayoyinsa guda huɗu, kuma askinsa mai laushi ne kamar na farkon. Na ukun shi ne injin sassabe, mai manyan wuƙaƙe biyu masu kauri da ke lilo a jikin faifai ɗaya, wanda Amurkawa suka saba kira da sunan kamfanin Bush Hog na garin Selma a jihar Alabama ko da wani kamfani ne ya ƙera shi. Shi ba kwalliya yake yi ba. Doguwar ciyawa da tsiron itace yake farfasawa. Duk wanda ya shiga saura da kaskon kwalliya, komai faɗinsa, bel zai ƙone masa kuma wuƙaƙe za su lanƙwashe, haka nan wanda ya shiga filin ƙwallo da injin sassabe zai bar ciyawa a yage kamar an yi mata aski da dakusasshiyar aska.

To, sai maganar ƙarfi. Lambar da kamfani ke mannawa a jikin tarakta ƙarfin injin ne, ba ƙarfin da ke isa ga wuƙaƙe ba. A ɗauki John Deere 1025R, wadda take cikin ƙananan taraktocin da aka fi saye a Amurka: injinta yana da ƙarfin doki kusan 24, amma abin da ke fita ta PTO kimanin 18 ne, sauran ya tafi wajen famfon mai, da giyar da ke aiki da matsin mai, da gogayyar ƙarafa. Kubota BX2380 ma kusan haka take. Ba haɗuwar sa'a ba ce ta sa taraktoci da yawa suka tsaya daf da doki 25. Dokar hayaƙin injin dizal ta Amurka ta fi tsanani daga doki 25 zuwa sama, inda kamfanoni ke ƙara na'urar tace hayaƙi mai tsada, shi ya sa suke tsayar da ƙananan a ƙasa da wannan iyaka. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, idan taraktarsa tana cikin wannan aji, to doki 18 ko kusa da haka ne jarinsa, kuma da shi zai yi lissafi.

Masu harkar suna da wani ma'auni na gwaji da suka daɗe suna amfani da shi ga injin sassabe: doki biyar na PTO ga kowace ƙafa ɗaya ta faɗi. Da wannan ma'auni, tarakta mai doki 18 kusan ƙafa huɗu ce iyakarta, kuma ko a hakan sai an bi a hankali in ciyawa ta yi kauri. Kaskon kwalliya bai kai haka cin ƙarfi ba, tun da ciyawar da yake yanka gajera ce mai taushi, shi ya sa John Deere ke sayar da na inci 54 da na 60 ga wannan aji, Kubota kuma take ba jerin BX na inci 48 da 54 da 60. Na inci 72 sai a taraktocin da suka ɗara waɗannan girma. Ina ganin wannan iyaka da kamfanonin suka sa wa kansu abin lura ce, domin mai sayarwa ba ya ƙin sayar da babba sai da dalili.

Dalilin yana cikin yadda wuƙa ke yanka. Wuƙar kasko ba ta da abokiyar gogayya irin ta almakashi. Da gudu take sare ciyawa, kuma a ƙa'idar tsaro ta Amurka bakinta ba ya wuce ƙafa 19,000 a minti, kimanin mita 96 a daƙiƙa. Bayan yanka, lanƙwasar da ke bayan wuƙar tana tayar da iska, iskar ta miƙar da ciyawar da ba a yanka ba, ta kuma kora wadda aka yanka zuwa bakin fita. A kasko mai fitarwa ta gefe, abin da wuƙar farko ta yanka sai ya ratsa ta biyu da ta uku kafin ya fita, don haka duk ƙarin faɗi ƙarin kaya ne a kan wuƙar ƙarshe. Idan kayan suka fi ƙarfin injin, mai kunne zai ji kukansa ya sauka ya yi nauyi, gudun wuƙa ya ragu, iska ta yi rauni, sai ciyawa ta fara dunƙulewa a ƙarƙashin kaskon. Direba in ya waiwaya zai ga layin dunƙulen ciyawa kore shar a bayansa kamar kashin shanu, da wasu siraran layuka da suka tsaya ba a yanke ba. Abin da zai yi guda ne, ya rage gudun tafiyar tarakta.

A nan ne lissafi yake bayyana abin da ido ba ya gani. Yawan hektar da ake yankewa a awa ɗaya yana fitowa ne in an ninka faɗi a mita da gudu a kilomita a awa, a raba da goma, sannan a rage wani kaso saboda juyawa a bakin layi, da hawan layi kan layi, da kewaye itatuwa. A ce an rage kashi 20 cikin ɗari, ana tafiyar kilomita shida a awa, kuma filin hekta biyu ne. Kasko mai inci 54 zai ɗauki awa uku da 'yan mintoci, mai 60 zai ɗauki awa biyu da minti 44, mai 72 kuma awa biyu da minti 17. Bambancin a bayyane yake, kuma ga wanda ke yanka kowane mako, kusan rabin awa ba abin rainawa ba ne. Amma a ce nauyin ciyawa ya tilasta wa mai inci 72 ya sauko daga kilomita shida zuwa biyar. Saba'in da biyu sau biyar 360 ne, sittin sau shida ma 360 ne. Kilomita ɗaya tak da aka rage ya cinye ribar ƙarin faɗin gaba ɗaya, ga ƙarin kuɗin saye, ga ƙarin nauyi, ga inji yana aiki a maƙure. A ƙaramin fili kuwa, kamar rabin hekta, tazarar da ke tsakanin 54 da 60 ba ta wuce minti biyar ba.

Shawarata a nan ita ce mutum ya auna da ranar da ciyawarsa ta fi muni, ba ranar da ta fi sauƙi ba. Kowane kasko gwani ne a busasshiyar gajerar ciyawa. Jarrabawar tana zuwa ne bayan mako biyu ana ruwa, ko an yi tafiya an dawo, ciyawa ta kai ƙwauri kuma da raɓa a jikinta. Masana ciyawar haraba suna ba da shawarar kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya, amma rayuwa ba kullum take barin mutum ya kiyaye wannan ba, kuma tarakta mai ɗan rarar ƙarfi ce take fitar da shi a irin wannan rana.

Yanayin ƙasa shi ne sharaɗi na biyu, kuma a ganina ya fi na ƙarfi muhimmanci, domin ƙarfi ana iya yi masa dabara da rage gudu, amma tudu da kwari ba su da dabara. Kasko ƙarfe ne sandararre, ba ya lanƙwasa ya bi siffar ƙasa. A ɗora dogon katako a kan kunya a gani: tsakiyarsa na taɓa ƙasa, gefunansa na sama. Haka kasko mai faɗi yake yi a kan ɗan tudu, wuƙar tsakiya ta nitse ta kwashe ciyawa har da saiwa, ta bar tabo launin ƙasa mai faɗin faranti, wanda zai ɗauki makonni kafin ya rufe. In kuma ɗan kwari ne, gefuna biyun su ne ke cizon ƙasa, tsakiya ta bar ciyawa da tsawo. Kamfanoni suna sa ƙananan tayoyi a kusurwoyi da wani abin birgima a tsakiya don rage wannan ɓarna, kuma suna taimakawa in an daidaita su yadda za su ɗan yi sama da ƙasa kaɗan, ba su riƙa ɗaukar nauyin kaskon ba. Duk da haka, ragewa suke yi, ba kawarwa ba. Shi ya sa manyan injunan da ke yanke filayen wasa da gefen manyan hanyoyi, masu faɗin ƙafa 12 ko 15, ba kasko ɗaya ba ne. Uku ne da aka haɗa da gaɓoɓi, kowanne yana bin ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Kada a ɗauka ina kushe faɗi ne. Akwai ƙanƙantar da ita ma matsala ce. Kasko dole ya zarce tayoyin tarakta, ko da ta gefe ɗaya ne, in ba haka ba mutum ba zai iya aske gindin katanga ko kewayen itace ba, kuma taya za ta riƙa danne ciyawar da ba a yanka ba, ta kwanta, wuƙa ta wuce ta kanta, washegari ta miƙe. Tarakta irin BX ko 1025R faɗinta bai kai mita ɗaya da kwata ba. Da kasko mai inci 48 kusan babu abin da ya fito waje, da mai 54 akwai ɗan rara, da mai 60 kuwa akwai isasshen kunne da direba zai tura ƙarƙashin reshe ko ya bi gefen shinge da shi alhali taya tana nesa da haɗari. Har ila yau, in ana kewaye itace, kasko mai faɗi yana barin ƙaramin da'irar da ba a yanke ba. Wannan ne, ba sauri ba, ainihin dalilin da ya sa inci 60 ya zama zaɓin yawancin masu wannan ajin tarakta in filinsu shimfiɗaɗɗe ne, kuma dalili ne mai ƙarfi.

Sai a ɗauko tef a auna ƙofofi. Lambar da ke jikin kasko faɗin yanka ce kawai. Ƙarfen kansa ya fi haka, ga kuma marfin bakin fita da ke leƙowa a gefen dama, wanda yakan ƙara kusan ƙafa ɗaya. Kasko mai inci 60 zai iya neman hanya mai faɗin ƙafa shida. A auna ƙofar gareji, ƙofar shinge, tsakanin itatuwan da suka fi kusa da juna, da faɗin tirelar da za a riƙa ɗaukar taraktar. Mutane da yawa in ƙofa ta matse sai su ɗaure marfin nan sama da igiya ko su cire shi, kuma wannan ɗabi'a tana tayar mini da hankali, domin marfin shi ne ke karkatar da dutse zuwa ƙasa. Tsakuwa mai girman ƙwan zabo da wuƙa ta buga da wancan gudu tana fasa gilashin mota, balle idon yaro.

Kasko na baya yana da nasa lissafin, wanda ya shafi nauyi. Ƙaramar tarakta ba ta kai tan ɗaya ba, kuma abin da hannayenta na baya ke iya ɗagawa, in an auna inci 24 a bayan maratayi kamar yadda kamfanoni ke yi, bai wuce kilo 300 da ɗoriya ba. Na'urar yanka tana miƙewa baya fiye da haka, don haka nauyinta ya fi yin tasiri fiye da abin da sikeli zai nuna. In ta yi wa tarakta yawa, da zarar an ɗaga ta sai gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana, musamman a hawa. Maganin shi ne ƙarin nauyi a gaba, ko barin cokalin lodi a jikinta a sauke ƙasa-ƙasa. Sannan duk lokacin da aka karya kwana, wutsiyar na'urar tana shara zuwa ɗaya gefen, kuma da haka ake fasa famfon ruwa da turakun shinge. A gangare kuwa, sandar kariya da ke bayan kujera ta kasance a miƙe, direba kuma ya ɗaura bel, saboda kifewar tarakta na cikin manyan abubuwan da ke kashe manoma a Amurka.

Kasko na ciki shi ma yana da farashin da ba a rubuta a takarda ba, wato yana rage tazarar da ke tsakanin tarakta da ƙasa. Wanda ke son ya yi yanka da safe, da yamma ya shiga daji ɗaukar itace, dole ya riƙa cirewa yana mayarwa, kuma jan kasko mai nauyi daga ƙarƙashin tarakta aiki ne da ke ƙaruwa da faɗi. John Deere da Kubota duk suna da irin wanda ake hawa kansa da tayoyin gaba a wuce, kuma John Deere tana da tsarin AutoConnect da ke haɗa sandar juyi da kansa. Ga mai ciwon baya, wannan ya fi ƙarin inci shida amfani nesa ba kusa ba.

Game da ingancin ƙarfe, a taƙaice: ana auna kaurinsa da lambar da ke tafiya a juye, ƙaramar lamba ita ce mafi kauri, lamba 7 kimanin milimita huɗu da rabi, lamba 10 kuma ƙasa da uku da rabi. Kasko mai faɗi ya fi buƙatar kauri saboda kunnensa ne ke fara cin karo da kututture. A duba ko matattarar wuƙaƙe tana da wurin ɗura giris, a kuma tambayi kuɗin bel da wuƙaƙe tun kafin a biya. A na'urar baya, a tabbatar akwai kusar da ke karyewa da gangan ko kulocin da ke zamewa idan wuƙa ta daki abu mai tauri, kada kuma a taɓa maye gurbin wannan kusa da wadda ta fi ta ƙarfi, domin in ba ta karye ba giya ce za ta karye.

Irin waɗannan taraktoci suna shigowa ƙasashenmu, yawanci na hannu, kuma masu lambun mangwaro da gwaiba, da makarantu masu manyan filaye, da masu kula da filayen ƙwallo da na folo kamar na Kaduna da Kano da Katsina, duk suna da ruwa da tsaki a wannan magana. Sai dai wanda ya sayo tarakta da kaskonta na ciki daga Amurka ya sani cewa an ƙera shi ne don harabar da aka share aka baje, ake yi mata aski kowane mako. A watan Agusta a nan, gamba da ƙyasuwa sukan yi tsawo sosai, tafasa tana yin kara mai tauri, ga suri a ɓoye cikin ciyawa, ga tsofaffin kunyoyi da suka rage daga noman bara. Ciyawar ƙiriƙiri ta filin ƙwallo da aka baje sosai za ta karɓi kasko mai inci 60 lafiya lau, amma lambu da saura aikin injin sassabe ne, kuma ga tarakta mai doki 18 a PTO ƙafa huɗu ya isa, a ɗaga shi sama a wucewar farko, a sauke a ta biyu. Ƙaiƙayin ciyawa yana toshe ragar lagireto cikin awa guda a lokacin kaka, don haka a riƙa tsayawa ana kakkaɓewa ana duba allurar zafi. Mai walda zai iya like kaskon da ya tsage, makaniki kuma zai samo boris a kasuwa, amma dogon bel na musamman da wuƙaƙen da suka dace da wani samfuri ba a kowace kasuwa ake samunsu ba, saboda haka ya kamata mai saye ya haɗo bel biyu da jerin wuƙaƙe biyu a cikin kayan da za a yi masa lodi tare da taraktar.